Babi na Shida: In Jirgi Ya Sauka Gusau, Wa Zai Hau?

A watan Yunin 2024 ne Gwamnan Zamfara Dauda Lawal, tare da Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo, ya ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau. Kamfanin Triacta aka ba kwangilar, aka yanka masa wa'adin wata 30. Tsarin da aka bayyana wa jama'a ya ƙunshi titin sauka da tashin jirage mai tsawon kilomita 3.4, da zauren matafiya, da hasumiyar masu yi wa matuƙa jagora, da tashar 'yan kwana-kwana, da ofisoshin kwastan da na shige da fice. Zamfarawa sun taɓa jin irin wannan albishir. Gwamnatin Bello Matawalle, wadda ta yi mulki daga 2019 zuwa 2023, ta soma aikin filin jiragen dakon kaya, har ta sauka ba a gama ba.

Dalilin wannan buri a fili yake. Tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, maƙwabtanta suka yi mata nisa a wannan fanni. Sakkwato na da filin Sultan Abubakar III, Katsina na da na Umaru Musa 'Yar'aduwa, Kaduna na da nata, Birnin Kebbi ma ta samu na Sir Ahmadu Bello. Gusau kuwa ɗan ƙaramin fili aka bar ta da shi, wanda ba ya ɗaukar manyan jirage. Shekara da shekaru, maniyyacin da ya fito daga Shinkafi ko Zurmi sai ya gangaro Ƙauran Namoda, ya wuce Gusau, sannan a jera su a motoci a yi tafiyar sama da kilomita 200 zuwa Sakkwato, can ya zauna yana jiran a kira sahunsa. Tsohuwar da ta sayar da shanun gadonta ta biya kujera, wahalar da take sha tsakanin ƙauyensu da ƙofar jirgi ta ninka ta 'yan awannin da za ta yi a sama kafin Jidda ko Madina. Ma'aikacin da aka kira taro Abuja shi ma wuni guda zai kashe a hanya, ta Tsafe da Funtuwa da Zariya da Kaduna, zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Buƙatar dai ta gaskiya ce. Sai dai gina fili daban, saukar jirgi daban. Gwamnati ke gini, ɗan kasuwa ke da jirgi, shi kuwa ba ruwansa da kyan rufi ko santsin tayil, kujeru yake ƙirgawa. Mutanen da za su cika masa kujerun, da kayan da za su cika masa ciki, ba a garin Gusau kaɗai suke ba. Da yawansu suna arewa, a ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji. Mutanen wannan yanki kuwa sun san yadda hanyar sufuri ke raya gari, sun kuma san yadda take mutuwa ta bar shi.

Abin da jirgin ƙasa ya zo ɗauka

Muhammadu Namoda, ɗan gidan Alibawan Zurmi, wanda ya yi suna a yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Ƙaura a bakin Gulbin Gagare a farkon ƙarni na 19. Garin ya shekara fiye da ɗari kafin ciniki ya fito da sunansa duniya. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Nan ne ƙarshen layi, daga nan sai juyawa.

Turawan mulkin mallaka ba don sada zumunci suka shimfiɗa ƙarfen nan ba. Sai da suka auna abin da ƙasar ke fitarwa: gyaɗa, da auduga, da fatu da ƙiraga, daga baya har da tabar fadamun Shinkafi. Jakuna da raƙuma, sannan manyan motoci, suka riƙa kwaso buhuna daga Moriki da Zurmi da Isa da Sabon Birni suna jibgewa a tasha. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna a garuruwan da layin ya ratsa, 'yan baranda suka bazu ƙauyuka da sikeli da kuɗin kamfani. Yarabawa da Ibo suka zo aikin reluwe da kasuwanci, sabon gari ya tsiro. A Gusau aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙa da kamfanin matse mai. Duk wanda ya tashi a Ƙaura ya ji labarin wannan zamani a bakin dattawa.

Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar kuturun gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta yi wa gonakin Arewa ɓarna mai yawa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ɗan kayan da ya rage, manyan motoci suka kwashe. Jirgi ya rage zuwa, taragai suka yi tsatsa. An sha yunƙurin gyara layin, amma bai koma yadda yake ba. Tasha ba ta je ko'ina ba, kayan ne suka ƙare, jirgi kuma ya bi kaya.

Abin da ya faru da Kano

A sama ma haka dokar take, kuma Kano ce babbar shaida. A watan Nuwamba 1925 wasu jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano, kuma daga nan ake lissafa tarihin sufurin sama a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Shekarun da suka biyo baya, jirgin da ya taso daga Turai zai nufi tsakiya ko kudancin Afirka, in ya ƙetare Sahara dole ya sauka ya sha mai, Kano kuwa tana daidai wurin. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, wannan dole ta kau. Ɗaya bayan ɗaya kamfanonin Turai suka tattara, har KLM, wanda ya daɗe yana zuwa, ya daina a 2012.

A 2013 Gwamnatin Tarayya ta ci bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin don gina sababbin zaurukan matafiya a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, aka ba kamfanin CCECC aikin. Filin Malam Aminu Kano ya samu sabon gini, Qatar Airways kuma ya fara sauka a watan Maris 2022, ya tarar da irin su Ethiopian Airlines da EgyptAir. Mai kallo daga nesa zai ce ginin ne ya jawo su. Wanda ya taɓa tsayawa layin auna kaya a filin ya san masu jawo su: 'yan Kantin Kwari da Sabon Gari masu zuwa sarin kaya Dubai da Guwanzu, da masu Umara, da marasa lafiya masu neman magani Alƙahira ko Indiya, da ɗalibai. Ginin ya sauƙaƙa musu tafiya, amma su ne kasuwar.

Ga kuma ɗaya gefen. Jigawa da Kebbi da Bauchi duk sun gina filaye masu kyau a tsakiyar shekarun 2010. Lokacin aikin Hajji sukan cika su batse. Da an gama kwaso alhazai sai zirga-zirga ta ja baya ƙwarai, musamman a Dutse, inda matafiyi kan ga gara ya shiga mota ya je Kano, wurin da in jirgi ɗaya ya ƙi tashi akwai wani. Wannan ya shafi Zamfara kai tsaye. Mutumin Zurmi yana da hanyar Jibiya zuwa Katsina, mutumin Shinkafi yana da hanyar Isa zuwa Sakkwato. Kasancewarsu 'yan Zamfara ba zai tilasta musu bi ta Gusau ba. Inda hanya ta fi lafiya, jirgi ya fi tabbas, can za su nufa.

Lissafin mai jirgi

A tashar mota direba ba ya tashi sai ɗan kamasho ya ce ta cika, ko da za a kai azahar. Mai jirgi ba shi da wannan gata. Ya sa lokaci, dole ya tashi, kujerar da ta tafi ba kowa kuma ta tafi ke nan. Ga man jirgi, wanda shi ne babban abin da ke cin kuɗinsa, har a watan Mayun 2022 kamfanonin cikin gida suka yi barazanar dakatar da aiki saboda tsadarsa. Ga kayan gyara da inshora da kuɗin hayar jirgi, mafi yawansu da dala ake biya, alhali da naira ake sayar da tikiti. Ga kuɗin sauka da na ajiye jirgi. Shi ya sa kafin ya buɗe sabuwar hanya, tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa zan kawo, mutum nawa zan kwasa?

A ɗauki ƙaramin jirgi mai kujera 50, irin Embraer ɗin da Rano Air ke aiki da su. In zai zo Gusau daga Abuja sau uku a mako, kujera 150 ke nan zuwa, 150 komawa. A ido kaɗan ne. Amma a tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kansa a 2024 naira 70,000 ne, tikitin zuwa kawai kuma kan haura haka. Masu iya biya sanannu ne: manyan ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kwangila, malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura tun 1983, likitoci, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji irin su MSF da ke aiki a Shinkafi da Zurmi, da manyan 'yan kasuwa. Waɗannan za su iya riƙe hanyar Abuja. Hanyar Legas kullum kuwa, ko ta ƙasar waje, sai kasuwa ta fi haka girma.

Wasu jihohin kan yi yarjejeniya da kamfani cewa za su biya kuɗin kujerun da ba a cika ba. Dabara ce mai kyau ta ɗan lokaci, kafin mutane su saba, amma in ta zama ta dindindin talakan da bai taɓa taka jirgi ba ne ke biya wa mai hali. Akwa Ibom ta bi wata hanyar, ta kafa kamfaninta, Ibom Air, a 2019, kuma ya tsaya da ƙafarsa, sai dai jiha ce mai kuɗin mai da ma'aikatan kamfanonin mai. Arewa ma ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Kabo Air na Marigayi Muhammadu Ɗankabo, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, da Azman, da Rano, duk 'yan gida ne. Waɗanda ke aiki cikinsu ya kamata a zauna da su tun gini bai bushe ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abubuwan da ba sa fitowa a hoton bikin buɗewa. Hukumar NCAA ce ke duba fili ta amince da shi, NAMA ke kula da hasumiya da na'urorin jagora, NiMet ke ba da bayanin yanayi. Sai an kewaye filin da shinge, kada dabba ko mutum ya ratso titi. Sai da fitilun titi da wutar da ba ta yankewa kafin jirgi ya sauka da dare. A ƙasarmu kuma akwai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da ƙura ta rufe gari, matuƙi ba ya ganin titi, kuma in babu na'urar da ke saukar da jirgi cikin duhun yanayi sai dai a soke tafiya. Fasinjan da ya baro Shinkafi da asuba aka ce masa ya dawo gobe, da wuya ya sake sayen tikiti. Sunan "ƙasa da ƙasa" shi ma ba ya kawo jirgin waje da kansa. Kamfanin wata ƙasa na sauka ne a garuruwan da yarjejeniyar ƙasarsa da Nijeriya ta ba shi, in ya ga riba. Abin da ya fi kusa ga Gusau shi ne jigilar Hajji da Umara, da jirgin da zai kai mutum Abuja ko Legas a kan lokaci ya kama na waje.

Wane kaya ne zai tashi?

An daɗe ana cewa filin jirgi zai fitar da amfanin gonar Zamfara waje. A nan sai an yi hattara. Gero da dawa da masara da wake ba sa hawa jirgin sama, don kuɗin dakon ya fi kuɗin hatsin. Riɗi da zoɓorodo da waken suya da Nijeriya ke sayarwa ƙasashen waje a kwantena suke tafiya, ta ruwa. Manomin Ƙaura mai irin wannan kaya, tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 ta fi kusa da buƙatarsa, haka ma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda aka tsara ya bi ta Jibiya, maƙwabciyar Zurmi.

Jirgin sama na ɗaukar abin da ke da tsada ko mai saurin lalacewa. Kenya na tura furanni da ɗanyen kayan lambu Turai, Habasha na tura naman awaki da tumaki mai sanyi ƙasashen Larabawa. Arewacin Zamfara na da dabbobi, kasuwar Shinkafi kuma ta daɗe tana tara fatake daga Nijeriya da Nijar. Amma kafin nama ya hau jirgi sai an sami mayanka ta zamani, da ɗakin sanyi, da motoci masu sanyi, da likitocin dabbobi waɗanda ƙasar da za a kai wa ta yarda da takardarsu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a cikin shingen filin jirgi ake fara shi ba.

Kaya ɗaya ne a jihar da tun asali ya dace da jirgi, wato zinari: ba nauyi, ga tsada. Zamfara kuwa ta sha wuya a kansa. A 2010 gubar dalma daga wuraren haƙa ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ba a ɗage hanin ba sai Disamban 2024. Filin jirgi zai iya zama ƙofar da zinari ke fita da takarda, jiha ta sami rabonta. Zai kuma iya zama ƙofar da yake sulalewa. Kwastan da masu sa ido ne za su raba gardama.

Tsakanin gida da ƙofar fili

Babban ƙalubalen yana kan kwalta. Duk wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko Ƙaura zuwa Zurmi ta wuce Jibiya, ya san tambayoyin da ake yi a tasha kafin a yi lodi: "Hanya lafiya?" "Motoci sun fito daga can?" "Sojoji sun buɗe?" Matafiya kan jira rana ta ɗaga, su yi ayari, wani lokaci sai da rakiyar jami'an tsaro. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, sun kore garkunan da ke cika kasuwanni. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A farkon 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara don su taimaka wa sojoji da 'yan sanda.

Masu jirage na bin irin wannan labari sau da ƙafa. A 2017, da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titi aka karkatar da jirage Kaduna, kusan duk kamfanonin waje sun ƙi zuwa, ban da Ethiopian Airlines. A watan Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari gefen filin jirgin Kaduna, kwana biyu bayan haka aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Kamfanonin cikin gida suka dakatar da sauka, aka daɗe kafin su dawo. Ba abin da ya sami titi ko zauren filin, amana ce ta kau.

Gaskiya ne rashin tsaro kan ƙara wa jirgi fasinja, don mai hali zai biya ko nawa ne ya tsallake dajin Tsafe ta sama. Amma kasuwar da aka gina a kan tsoro ƙarama ce. Tana ɗaga masu mulki da masu kuɗi sama da hanyar da sauran jama'a ke bi, kuma shugaban da ya daina bin hanya yakan manta da ramukanta da masu tare ta. Wannan hatsari ne da ya kamata wakilan Zamfara ta Arewa su riƙa tunawa duk lokacin da ake raba kasafin kuɗi.

Saboda haka mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna da hakkin su auna wannan fili da ma'auninsu. Jirgi nawa ke sauka a mako in ba lokacin Hajji ba? Cikin fasinjojin, nawa ne suka fito daga wajen Gusau? Nawa jiha ke kashewa a shekara don riƙe filin, nawa yake shigowa da shi? Ɗan kasuwar Shinkafi zai iya yin sallar asuba a gida, ya kama hanya ba rakiya, ya tarar da jirgin hantsi? Amsar wannan ta ƙarshe ita ke gyara sauran. Kuɗin da aka kashe wajen gyara hanyar Zurmi, ko mayar da manomin Moriki gonarsa, ko sa wa mahautan Ƙaura ɗakin sanyi, a lissafin gaskiya kuɗin filin jirgi ne, kuma ya kamata a nemi a gan su a kasafi ɗaya da na titin saukar jirage.